Zaman ƴan Nijar a Ghana bayan ficewa daga CEDEAO: masauki na nan, takarda ce ta yi tsada

Tun ranar 29 ga watan Janairun 2025 Nijar ta daina zama mamba a ƙungiyar CEDEAO, ita da Mali da Burkina Faso. A ranar ce ƙungiyar ta umurci ƙasashen da suka rage da su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na ƴan waɗannan ƙasashe uku, su bar su su shiga ba da biza ba, su zauna, su yi sana'a, har sai an sake shawara. Ga mai shayi a Nima ko mai dakon albasa a Adjen Kotoku, gari ya waye kamar kullum. Amma ƴancin da a da yake rubuce cikin yarjejeniya yanzu ya rataya ne a kan sanarwa, ita kuwa sanarwa wata sanarwar ce ke soke ta.

Yarjejeniyar zirga-zirgar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasar CEDEAO damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ya yi kwana 90 ba da biza ba. Wannan ɓangaren kowa ya san shi a tashoshin Maraɗi da Kwanni. Abin da ba a cika faɗa wa matashi mai shirin tafiya bida ba shi ne, in kwana 90 suka cika doka na neman ya mallaki takardar izinin zama. Mutane da yawa sun shekara goma a Accra ko Kumasi da katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara kaɗai a aljihu, kuma ba wanda ya tsare su, domin hukuma ta saba kau da kai. Kau da kai ɗin ne ake ganin ya fara raguwa.

Ita kanta hanyar ta yi nisa. An rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023, lamarin da ya tilasta wa fasinja ya sauka ya tsallaka kogi da kwalekwale kafin ya kama hanyar Kwatano, Lome da Aflao. Hanyar Tera zuwa Dori da Kaya kuwa sai da rakiyar soji. Kowace sauka da hawa kuɗi ne, don haka sabon zuwa kan isa Accra guzurinsa ya kusa ƙarewa.

Zango ya rage wa baƙo rabin wahala

In ana maganar sabo da sabuwar ƙasa, Bahaushen Nijar a Ghana ya fi takwaransa da ya nufi Aljeriya ko Libiya sa'a nesa ba kusa ba. Fataken goro sun share masa hanya tun zamanin tafiya Gwanja, kuma unguwannin da suka kafa har yau da sunan Hausa ake kiransu, wato zongo. A Accra, wadda tsofaffi ke ce wa Ankara, akwai Nima da Mamobi da Sabon Zongo. A Kumasi akwai Aboabo da tsohon zangon gari. Hausa ce harshen kasuwa da masallaci a waɗannan unguwanni, ko da mai maganar Bagobiri ne ko Dagomba ko Bazabarme ko Kotokoli. Sabon zuwa zai ji ta ta ɗan canza, an rage bambanta namiji da mace a magana, an cusa kalmomin Turanci da na Twi, amma kwana biyu sun ishe shi ya gane.

Abinci ma bai cika zama matsala ba. Da safe akwai koko da ƙosai, wanda ƴan Ghana da kansu ke kira kokon Hausa. Waakye, abincin da ake layi a kansa a ko'ina cikin ƙasar, shinkafa da wake ce, sunan ma daga can ya fito. Akwai tuwon zafi, akwai fura. Abin da ɗan Adar zai ɗan jima kafin ya saba da shi shi ne dokunu mai tsami da soyayyen kifi, da kuma zafi mai gumi na bakin teku wanda ba ya barin riga ta bushe.

Tsarin da ke riƙe da baƙo shi ne na mai gida. Ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, ko wani dattijo da ya kafu, shi ke ba shi wurin shimfiɗa tabarma, ya tsaya masa a wurin mai kaya, ya nuna masa wace trotro ke zuwa ina. Sau da yawa shi ke ajiye masa kuɗi. Tsari ne da ya yi wa dubban mutane rana, sai dai ba a rubuta komai a cikinsa. In amana ta lalace, yaron da ba shi da takardar zama ba zai kai ƙara wurin ƴan sanda ba, kuma kowa ya san haka, har da wanda ya ci amanar.

Ranar da mutum ya ce zai kama ɗakin kansa, ko zai kawo iyali, ranar yake sanin tsadar Accra. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma a aikace shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Wannan na damun ƴan ƙasa ma, balle baƙon da ke tara kuɗinsa da kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake samun samari shida ko takwas a ɗaki guda, wasu kuma a rumfar kasuwa suke kwana shekara da shekaru.

Katin da komai ya rataya a kansa

Babban canjin da ya taɓa rayuwar yau da kullum ya ma riga ficewa daga CEDEAO. Shi ne katin shaida na Ghana Card. Daga Oktoban 2021 hukumomi suka tilasta a sake rajistar layukan waya da wannan kati, a 2023 aka toshe layukan da ba a yi wa ba. Daga 1 ga Yulin 2022 kuma babban bankin ƙasar ya mai da shi shaidar da ake karɓa a harkokin banki. Baƙon da ya wuce kwana 90 yana da nasa nau'in katin, amma sai ya biya dalar Amurka 120 a karon farko, kusan jika 70 ke nan na sefa, sannan dala 60 kowace shekara don sabuntawa.

A ƙasar da ake biyan kuɗin kaya, kuɗin wuta, har kuɗin dako ta waya, rashin layi mai rajista kamar rashin aljihu ne. Dabarar da mutane suka samu ita ce su roƙi wani ɗan ƙasa ya yi masu rajista da sunansa. Layin na aiki, kuɗi na shiga, amma a idon kamfanin waya kuɗin na mai sunan ne. In wayar ta ɓata, ko mai sunan ya rasu, ko aka samu saɓani, tarin wata shida na iya tafiya a yini ɗaya. Wasu kuma sukan bi ta bayan fage su karɓi katin ƴan ƙasa, wanda laifi ne da ke iya kai mutum gidan kaso, kuma yana jawo wa zangon gaba ɗaya zargi duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

Sai batun sana'a. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa ƴan Ghana talla da sayar da kaya a rumfar kasuwa, da aski, da wasu ƙananan sana'o'i. Baƙon da ke son buɗe harkar saye da sayarwa ta ce ya zo da jarin dala miliyan 1, ya kuma ɗauki ƴan ƙasa 20 aiki. Ƙungiyar ƴan kasuwar ƙasar, GUTA, ta sha rufe shagunan baƙi da wannan hujja, galibi na ƴan Najeriya. Su ƴan Najeriya sukan kare kansu da cewa dokar ta saɓa wa yarjejeniyar CEDEAO. Ɗan Nijar a yau ba shi da wannan bakin maganar. A Afrilun 2025 ma sabuwar hukumar zinariya ta ƙasar ta umurci baƙi su fita daga cinikin zinariya na cikin gida kafin ƙarshen watan, alamar cewa iskar na kaɗawa ne wajen ƙara keɓe wa ƴan ƙasa hanyoyin samu.

Inda ƴan Nijar ke da ƙarfi shi ne albasa. Ta Galmi da Madawa ce ke cika tukwanen Accra, kuma an ga haka a Agustan 2023 lokacin da takunkumi ya tsare manyan motoci a iyaka, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Amma su ma masu albasar sun ɗanɗana yadda hukunci ɗaya ke juya rayuwa: a Yulin 2021 aka tashe su daga Agbogbloshie da ke tsakiyar birni aka mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari, nesa da masu saye da kuma ɗakunan da suka biya haya.

Kamen watan Mayu

A tsakiyar Mayun 2025 jami'an shige da fice na Ghana suka yi samame a titunan Accra suka kama fiye da mutum 2,000 da ke bara, mafi yawansu ƴan Nijar, da yawa mata da yara, aka kuma shiga mai da su gida. Ba sabon abu ba ne. A 2022 ma an kwaso ɗaruruwa daga Dakar da Accra, kuma yankunan Kance da Magarya na jahar Damagaram sun sha fitowa a cikin irin wannan labari. Ghana na da ikon aiwatar da dokarta, kuma fitar da yara daga lakkol a kai su bara a wata ƙasa abu ne da hukumomin Nijar ma suka yi tir da shi. Matsalar ita ce ɗan sanda a bakin titi ba ya rarrabewa da ido tsakanin mai bara da mai wankin takalmi ko mai tura kura. Duk wanda ba shi da takarda, kamen ya shafe shi ko da bai shiga motar ba, domin daga ranar zai rage fita, ya rage nisa, samunsa ya ragu.

Dattawan zango na da dalilin ɗaukar irin wannan da muhimmanci. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, mutane masu ɗimbin yawa suka fita, har da waɗanda a can aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna. Najeriya ta yi makamancin haka a 1983. A duka biyun, abin ya zo ne lokacin da tattalin arziki ya matse.

Maganar waɗanda aka haifa a can har yau ba ta warware ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ta jini yake ba da zama ɗan ƙasa, sai uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ya kasance ɗan Ghana. Yaron da aka haifa a Nima, iyayensa biyu ƴan Tawa, ɗan Nijar ne a doka, ko da bai taɓa ganin Tawa ba, ko da Turanci ya yi karatu bai san Faransanci ba. In uban bai yi masa rajista a ofishin jakadancin Nijar ba, yaron kan girma ba shi da cikakkiyar shaidar ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu, kuma sai ranar neman aiki ko fasfo abin ke fitowa fili.

Ga iyalan da ke gida kuwa, lissafin na canjin kuɗi ne. Sefa a ɗaure take da yuro, sidi kuma yawo yake. A 2022 ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba, abin da ɗan bida ke aikowa ya zube ko da aikinsa bai ragu ba. A 2025 sidin ya farfaɗo, daga wajen 15 a kan dala a Afrilu zuwa kusan 10 a Yuni, saƙon ya ɗan yi auki. Magidancin da ke jiran kuɗin taki ko na hatsin bazara a ƙauyen Buza ba shi da ta cewa a ko ɗaya.

Ta fuskar siyasa, Accra na cikin manyan biranen da suka fi sassauci ga AES. Shugaba John Mahama ya naɗa wakili na musamman kan ƙawancen, Larry Gbevlo-Lartey, ya kuma ziyarci Yamai a Maris na 2025 ya gana da Janar Abdourahamane Tiani. Ita ma AES tun Disamban 2024 ta ce ƙofarta a buɗe take ga ƴan CEDEAO ba da biza ba. Sai dai abin da aka fi ji daga waɗannan ganawa shi ne tsaro da tashar jiragen ruwa ta Tema da jigilar kaya. Kuɗin katin baƙi, kuɗin takardar zama wanda ƴan CEDEAO ke biyan ƙasa da na sauran baƙi, da matsayin ƙananan ƴan kasuwa, su ne suka fi taɓa mutanen Nima, kuma su ya kamata Yamai ta nemi a rubuta cikin yarjejeniya tsakaninta da Accra tun dangantaka na da daɗi. Albasar Galmi da kayan da Nijar ke iya bi da su ta Tema sun isa abin ciniki a teburin.

Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar amincewar kowa: ofishin jakadanci ya riƙa fita zuwa Kumasi da Tamale da kasuwannin albasa yana yi wa mutane katin jakadanci da rajistar haihuwa, magadan gari a Madawa da Kance kuma su tabbatar matashi bai hau mota ba sai da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa mai rai. Da an gama girbi aka ɗaure dammunan hatsi, tashoshin Tawa da Maraɗi za su sake cika da masu tafiya kudu.