Kafin a rubuta manhaja, a saurari mai amfani da ita

A tsarin haɗa manhaja na Agile, wanda mutum 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a jihar Utah ta Amurka a 2001, ba a tara kundin buƙatu mai kauri kafin a fara aiki. Kowace buƙata ana rubuta ta a gajarce, da sunan labarin mai amfani: wa yake so, me yake so, kuma don me. A ganina, yawancin waɗannan labarai suna lalacewa ne saboda an tsara su a ofis ba tare da an ji ta bakin wanda zai riƙe wayar ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tun a 2001 masanin haɗa manhaja Ron Jeffries ya bayyana cewa labari yana da ƙafa uku: kati, tattaunawa da tabbatarwa. Katin tuni ne kawai, aikin yana cikin tattaunawar. Idan aka rubuta cewa mai amfani yana son ganin tarihin ciniki, injiniya zai jera lambobi ya ce ya gama. Amma idan aka zauna da mai POS a kasuwa, zai ce yana son ya ga inda cinikin da ya maƙale ya kwana da zarar sabis ya dawo, don kada ya biya kwastoma sau biyu. Wannan labari ya faɗi dalili, ya kuma nuna yadda za a gwada shi: a katse sabis ana tsakiyar ciniki, a ga me allo zai nuna.

Wasu za su ce wannan cin lokaci ne, kuma babban aiki sai da cikakken kundi. Gaskiya ne zama da mutane yana cin kwanaki, amma gyara bayan an gama ya fi tsada. Hukumar FBI ta Amurka ta kashe kusan dala miliyan 170 a kan manhajar Virtual Case File, ta yi watsi da ita a 2005, kuma rashin tsayayyun buƙatu na cikin dalilan. Magajiyarta Sentinel ta kammalu a 2012, bayan an koma yin aikin kaɗan-kaɗan ana gwadawa.

Don haka kamfanoni da hukumomin da ke ba da kwangilar manhaja su sa sharaɗi: kada a karɓi labarin da bai faɗi dalilinsa da hanyar gwada shi ba.