Koken Tsoffin Tafintocin Sojojin Amurka a Afganistan

Islamabad, Nuwamba 2023

Zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Amurka.



Mu ne tafintoci da direbobi da masu gadi 'yan Afganistan da muka yi wa sojojinku aiki. Da bakinmu suka yi magana a kasuwannin Kandahar, da kunnenmu suka saurari dattawan Helmand. Yau ga mu raɓe a ɗakunan haya a ƙasar Pakistan, da mata da 'ya'ya.

Ku kuka kafa doka a 2009 cewa a ba irinmu biza ta musamman. A 2013 kuka ƙara da cewa a gama duba takardun mutum cikin wata tara. Wasunmu sun shekara huɗu suna jira.

Da Kabul ta faɗa hannun Taliban ranar 15 ga Agustan 2021, mun kwana a bakin filin jirgi, wasu tsundum cikin lambatu, suna ɗaga takardu sama kada su jiƙe. Ranar 26 bam ya tashi a ƙofar Abbey ta filin jirgin, ya kashe sojojinku 13 da 'yan ƙasarmu kusan 170. Ranar 30 jirgin ƙarshe ya ɗaga. An kwashe mutum fiye da 120,000, ba mu raina ba, sai dai ba mu ciki.

Babban kukanmu shi ne takarda. An ce sai mun kawo shaidar aiki daga kamfanin da ya ɗauke mu. To, kamfanin ya rufe, wayarsa ba ta shiga. Shaidar da ke hannunmu kuwa, da yawa mun ƙone ta da kanmu, domin duk wanda aka kama da ita a shingen bincike, sai yadda Allah ya yi da shi. Wannan tokar za mu kawo muku?

Ga shi tun 1 ga wannan wata an fara tasa ƙeyar 'yan Afganistan marasa izinin zama ta iyakar Torkham, kuma bizar Pakistan ta yawancinmu ta ƙare muna zaman jiranku.

Muna roƙo a karɓi shaidar sojojin da muka fita sintiri tare, sun san mu, sun san sunayen 'ya'yanmu. A ƙara yawan bizar nan ta musamman. Kafin nan, a yi wa hukumomin Pakistan magana su dakata da mayar da duk wanda takardunsa ke gabanku, don wanda aka tsallakar da shi Torkham ba lallai ya sake amsa waya ba.

Mu ne naku,
Tsoffin tafintoci da ma'aikata, a madadin iyalanmu.