Kama da wane ba wane ba: tarin da ba shi da gurbi a rajista

Akwai wani tela a unguwarmu da ya kusa shekara biyu yana tari. Da farko an karɓi kakinsa, an duba a madubin likita, aka ce tarin fuka ne. Ya sha maganin wata shida, kyauta, bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Tarin ya lafa, ya dawo. Da aka sa kakin a na'urar GeneXpert sai ta ce babu tarin fuka, alhali madubi na ci gaba da nuna ƙwayoyin. Sai da aka aika kakin babban ɗakin gwaji, aka reni ƙwayar makonni, sannan gaskiya ta fito: 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, ba ita kanta ba.

Waɗannan 'yan uwa sun haura iri ɗari, a ruwa da ƙasa suke zaune, kuma galibi ba a ɗaukarsu daga mutum zuwa mutum. Sun fi kama wanda huhunsa ya taɓa jin rauni, ko mai ƙanjamau da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai. Zazzaɓin dare, rama, tari har da jini, duk iri ɗaya ne da tarin fuka. Madubi ba ya bambance su. GeneXpert kuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ƙwayar tarin fuka kaɗai take ganewa a cikinsu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya sami telan bayan an gano cutarsa. A kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na goma, wanda ake kira ICD-10, kowace cuta da lambarta. Tarin fukan huhu da gwaji ya tabbatar A15 ne. Kuturta A30 ce. Cutar telan tana ƙarƙashin A31: idan a huhu take A31.0, idan a fata A31.1, kuma a nan gyambon Buruli yake. Shirin gwamnatin tarayya da ke raba magani kyauta an gina shi ne a kan tarin fuka da kuturta da gyambon Buruli. Wato maƙwabta na dama da na hagu duk an yi musu tanadi, mai A31.0 kaɗai aka bari a tsakiya. Ranar da sunan cutarsa ya tashi daga A15, ranar aka nuna masa hanyar kantin magani.

Maganin kuma ba na wata shida ba ne. Ga irin da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira MAC, ana haɗa uku ne, azitromaisin da etambutol da rifamfisin, a ci gaba da sha har shekara guda bayan kaki ya daina nuna ƙwayar. Wasu irin sai an haɗa da allura. Mai ƙaramin ƙarfi idan kuɗi suka yanke, abin da yake yi sananne ne: ya sayi wanda ya fi sauƙin samu a kemis, ya bar sauran. Shan azitromaisin shi kaɗai kuwa shi ne hanya mafi sauri ta sa ƙwayar ta daina jin maganin da ya fi kowanne amfani a kanta.

Na san za a ce ai cutar ba ta da yawa. Wa ya ƙirga? Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan masu zuwa asibitocin tarin fuka a Jihar Kaduna ya gano cewa kusan 15 cikin 100 na waɗanda aka reni ƙwayar daga kakinsu, ba tarin fuka ba ne, waɗannan 'yan uwan ne. Amma rajistar da ma'aikacin lafiya ke cikawa duk wata uku ta tarin fuka ce. Wanda bai shiga cikinta ba ya ɓace daga lissafi, kuma abin da ba ya cikin lissafi ba a ware masa ko sisi a kasafi.

A Amurka, inda suka koma nasu tsarin na ICD-10 a Oktoban 2015, har lamba ta musamman suka ƙara, A31.2, domin MAC da ta bazu a jiki. Can lamba ce ke buɗe bakin jakar kamfanin inshora. Idan ta saɓa da abin da likita ya rubuta, a mayar da takardar. Ba na sha'awar mu kwaso wannan wahalar tasu. Amma mu ma can muka nufa, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, jihohi irin su Kano kuma suna da nasu hukumomin taimakekeniya. Nan gaba abin da ma'aikacin fayil ya rubuta shi zai yanke ko za a biya wa mara lafiya ko zai biya da kansa. Ina tsoron wani likita mai tausayi ya bar A15 a takarda don majinyacinsa ya ci gaba da samun kyauta, ya ci gaba da shan maganin da ba nasa ba.

Muna da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, Zariya, wadda ke iya renon ƙwaya ta tantance irinta. Duk wanda madubi ya ce e, GeneXpert ta ce a'a, ya kamata kakinsa ya tafi irin wannan wuri ba tare da ya biya ba. A buɗe wa A31.0 gurbi a rajista, a sa maganinta cikin abin da inshora ke ɗauka. Rifamfisin da etambutol dama gwamnati na sayo su domin tarin fuka.

Telan yanzu yana wata na tara da fara sabon maganin. Kekunan ɗinki biyu gare shi a da, ya sayar da ɗaya a watan jiya.