Kimiyya a Hannunka: Tsohon Idon Maɗaba'a a Bakin Tafkin Kainji

Wasiƙar wannan mako daga Wara ta zo, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Wani ɗan aji biyar ne ya ce kawunsa ya rufe shagon ɗab'i, kuma cikin tarkacen da za a sayar wa 'yan gwangwan ya tsinci wani gilashi mai nauyi a cikin zoben ƙarfe, an rubuta masa Apo-Ronar 300mm 1:9. Tambayarsa ita ce, ya sayar ko yana da amfani?

Ɗana, kada ka sayar. Abin da ka tsinta idon kyamarar maɗaba'a ne. Kafin kwamfuta ta karɓe aikin, manyan maɗaba'u na amfani da wata ƙatuwar kyamara, wata ma sai ta cinye rabin ɗaki, don ɗaukar hoton shafi ko zane kafin a mayar da shi kan farantin bugawa. Duk wanda ya san harkar ɗab'i ta da, tun zamanin Kamfanin Gaskiya na Zariya da aka kafa a 1945, ya san irin wannan aiki. Kamfanin Rodenstock na Jamus ne ya ƙera naka. Yana da 'yan'uwa: G-Claron na Schneider, shi ma daga Jamus, da Apo-Nikkor na Nikon daga Japan.

An ƙera shi ne domin abu shimfiɗaɗɗe da ke kusa, ya kwafe shi daidai girmansa. Gilasan gabansa da na bayansa tagwaye ne, kowane ɓangare na gyara kuskuren ɗan'uwansa, shi ya sa miƙaƙƙen layi ke fitowa a miƙe. To me zai faru idan ka juya shi ga abu mai nisa, kamar jiragen kwale-kwale a gaɓar Yelwa? Masu ɗaukar hoto da manyan kyamarori masu zuga-zugi sun daɗe da gano cewa yana yi, kuma yana yi da kyau, muddin an tsuke ƙofar haskensa zuwa lamba 22 ko sama.

Ba sai ka yarda da ni ba, ka gwada. Samo kwali biyu, ɗaya ya riƙa zamewa cikin ɗaya kamar akwatin ashana. Ka huda gaban babban ka dasa idon, ka yanke bayan ƙaramin ka manna farar takarda da ka shafa wa man gyaɗa. Shafa wa cikin kwalayen baƙin fenti ko zuge, ka lulluɓe kanka da baƙin zane. Za ka ga tafki a kan takardar, da launinsa, amma a kife: sama a ƙasa, ruwa a sama. Ranar da na fara nuna wa ɗalibaina wannan, sai da wata ta leƙa gaban kwalin tana neman inda na ɓoye waya.

A nan ne lissafin da kuke haddacewa don WAEC da NECO zai zama abin taɓawa da hannu, wato 1/f = 1/u + 1/v. Lambar 300mm na nufin idan abin na da nisa sosai, takardar za ta tsaya santimita 30 bayan idon. Idan abokinka ya tsaya mita uku daga gare ka, sai ka ja ta zuwa kusan santimita 33. Idan kuwa kifin da aka kamo kake son ya fito daidai girmansa, sai kifin ya zauna santimita 60 a gaba, takarda santimita 60 a baya. A wannan hali hasken da ke isa takardar ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka lokacin ɗauka sai ya ninka sau huɗu. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, hoto ya fito baƙi ƙirin su zargi gilashi.

Yana da aibu, kada in yi maka tallar da ba gaskiya ba. Hoton da yake jefawa da'ira ne, kuma da'irar na raguwa da rabi idan ka bar abu na kusa ka koma na nesa. Naka zai ba da faɗin kusan santimita 26 a nesa. Wannan ya ishi fim mai inci 4 da 5, wanda daga kusurwa zuwa kusurwa bai wuce santimita 16 ba, amma bai ishi mai inci 8 da 10 ba, sai kusurwoyin su yi duhu. Sannan lambar 9 ɗin nan ta nuna ba ya shigar da haske da yawa, da magariba da ƙyar za ka ga komai.

Babban aibunsa kuwa, yawancinsu ba su da marufin da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido. Maganin wannan tsofaffin masu hoton kasuwa sun bar mana: cire murfi, ƙirga, mayar. Idan ka sami takardar wanke hoton baƙi-da-fari ka sa ta a madadin fim, ba ta saurin kama haske, don haka a rana tsaka, da ƙofar haske a lamba 45, daƙiƙa biyu zuwa uku za ka ƙirga. Ganuwar tsohon Birnin Yauri ba za ta motsa ba. Ɗan ƙanenka kuwa, sai Allah. Takardar ce mai wuyar samu yanzu, sai dai a yi cigiya wurin tsofaffin masu situdiyo.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: kada ka taɓa duban rana ta cikinsa, kada kuma ka bar shi a buɗe yana fuskantarta. Yana tara haske har ya ƙona kwali, balle ido.

In da ni ne kai, da na gwada a kwali na ga ya yi, sai in nufi tsofaffin Gungawa da aka taso daga tsibirai lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Yaran da aka ɗauko a goye a wancan ƙaura yau sun doshi sittin, iyayensu kuwa saura kaɗan. Ka nemi izininsu, ka zaunar da su a inuwa mai haske, ka ƙara lokacin ƙirga.

Wanda ya gwada kwalin, ko da da gilashin ƙara girman rubutu ne, ya auna nisan takardarsa ya aiko mana da sunan makarantarsa.