Kun Dawo Daga Waje, Ina Kundin Tafiyarku?

Yau maganarmu da waɗanda Allah Ya ba damar zuwa wata ƙasa ta hanyar musayar ɗalibai ne, ko dai Dosso da Yamai nan maƙwabta, ko kuma Amurka, kamar waɗanda shirin YES da aka kafa a 2002 ya riƙa ɗauka daga Najeriya su yi shekarar karatu guda a gidan wani iyali. Idan ɗalibi ya sauka Kalgo ko Gwandu, satin farko kowa na son jin labari. Kafin wata uku an gaji da shi. Kafin shekara biyu shi kansa ya fara lalube: wai mene ne ma sunan malamar nan da ta riƙa taimaka masa da lissafi?

Maganin wannan shi ne kundi, wato littafin da za ku manna hotuna da takardun tafiya, ku yi rubutu a gefensu. Kada wani ya ce al'adar Turawa ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu, ya tattara waƙoƙinsa a 1813 cikin littafin Tazyinul Waraƙati, kuma bai jera su haka nan ba. Ya riƙa bayyana lokacin da ya yi waƙa da abin da ya sa ya yi ta, har da labarin fitarsa da niyyar tafiya Gabas, wadda ta tsaya a Kano. Wannan bayani na gefe shi ya sa masu tarihi ke komawa ga littafin har yau.

To, haka hotonku yake. Hoton da ba rubutu a ƙarƙashinsa, bayan shekara goma taron baƙin fuskoki ne kawai. Ku rubuta rana, da gari, da sunan kowa daga dama zuwa hagu, da abin da ya faru kafin a ɗauka. Idan a bayan hoton za ku rubuta, ku yi da fensir, domin tawadar biro takan huda ta ɓata fuska.

Mun san za ku ce ai komai na cikin waya. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓace a tasha, wani ƙane ma yakan goge komai don ya samu wurin zuba wasa. Ku zaɓi hotuna ashirin ko talatin ku kai a wanke. Ku ba mai wankin na asali, domin wanda ya biyo ta WhatsApp ya riga ya rage kyau.

Tikitin shiga jirgi da rasit na kanti suna da wata matsala: yawancinsu da zafi ake buga su, ba da tawada ba, kuma zafin bazararmu kan mayar da su farar takarda. Ku yi musu fotokwafi tun da wuri, ku manna biyun gefe da gefe. Ku guji salatif, yakan yi ja ya bar tabo. Shafin fasfo da na biza kuwa ba na kundi ba ne, tunda littafin zai bi hannaye da yawa.

Abin da muka fi so ku saka shi ne wanda kyamara ba ta ɗauka. Ranar da kewar tuwon shinkafar gida ta hana ku barci. Yadda kuka yi azumi ku kaɗai a aji. Tambayar da aka yi muku kan Najeriya kuka rasa amsa. Kundin da duk shafinsa murmushi ne ba zai amfani ƙanwarku da za ta tafi baɗi ba, kuma ranar da za ku rubuta takardar neman tallafin karatu, waɗannan shafukan ne za su ba ku abin faɗa.

In kun gama, ku sa shi a leda ku ajiye cikin akwatin ƙarfe, nesa da bango da ƙasa, saboda gara da danshin damina. Ku bar shafi biyu na ƙarshe babu komai, don wasiƙun da mutanen gidan da suka riƙe ku za su aiko.