A duba tirela kafin a ɗora mata kaya!

Direbobin manyan motoci, masu motocin, da yaran mota, da ku nake. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kano, ko ya ratsa Mokwa zuwa Jebba, ya ga tirela tsaye a tsakiyar titi, an karyo ganye an jera a bayanta, yaron mota na kwance a ƙarƙashi riƙe da sufana. Da rana a kauce mata. Da dare kuwa, ba fitila ba alama, sai ƙaramar mota cike da fasinja ta zo ta shige ƙarƙashinta. A ce tsautsayi ne, a yi jana'iza, a watse. Mun yi imani da ƙaddara, amma motar nan ta daɗe tana kuka kafin ta tsaya, saurarenta ne ba a yi ba.

Mu fara da birki, domin shi ne ran kowa a hanya. Birkin tirela da iska yake aiki. Iskar da kwampreso ke turawa tana zuwa da danshi, danshin ya taru ya zama ruwa a gindin tanki, ya gauraya da mai, ya bi layi ya ɓata bawul. Maganinsa kuwa ko sisi ba ya ci: kullum a buɗe ƙasan tankin ruwan ya tsiyaye. Da safe ka cika iska, ka kashe inji, ka taka birki ka riƙe, idonka a kan allurar ma'aunin iska. In tana sauka, akwai yoyo. Kada ka ce "za ta kai mu Legas". Nemo inda take huci, a gyara kafin a tashi.

Sai mummunar ɗabi'ar nan ta sa mota a firi a gangara don a rage shan man gas. Haba direba! Mai gangarowa daga Hawan Kibo da tan talatin a bayansa, in ya dogara da birki kaɗai, gangar birkin za ta ɗau zafi ta buɗe, takalmin ya daina kamawa, ya taka ya ji wayam. Ƙaramar giya ake sawa tun daga sama, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Mutanen Legas ba su manta da watan Yuni na 2018 ba, ranar da birkin wata tankar mai ya tsinke a gadar Otedola, wuta ta cinye motoci fiye da 50, aka yi asarar rayuka.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A jikinta akwai lambobi huɗu: in ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta sha nanata cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da haƙoranta na nan. To, ina ga tayar gwanjo da ta gama yayinta a Turai kafin ta iso mana? Ku riƙa auna iska da ma'auni da sanyin safiya, bubbuga taya da ƙarfe ba ya isa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe a kwaltar watan Afrilu. A leƙa ta ciki a jerin biyu, a kuma taɓa notuna ɗaya bayan ɗaya.

Sauran kowa ya san su. Baƙin mai a kan lokaci, filtar iska da ƙurar hunturu ke toshewa, ruwan lagireto, fanbel, giris a inda kai ke haɗuwa da bodi, da fitilun baya.

Alhaji mai mota, yanzu kai nake kallo. Direbanka ya ce maka birki na buƙatar aiki, ka ce ya je wannan lodin ya dawo tukuna. Ka ƙirga masa kuɗin hanya cif-cif, ka sa an yi mata lodin da ya fi ƙarfin sifirin, sannan ka yi mamaki da aka kira ka tsakar dare. Kuɗin takalmin birki nawa ne a kan kuɗin inji, ko kan mota, ko ran magidanci? Ware ranar gareji ga kowace mota, a buɗe mata littafi, a rubuta abin da aka sauya da ranar da aka sauya shi.

Shugabannin ƙungiyoyin sufuri na NARTO da NURTW, ku ma da aiki a gabanku. A Tafa da Mararrabar Jos da duk inda tireloli ke kwana, ku sa masu duba iska da taya kafin mota ta hau titi. Direban da ya ƙi tashi da mota marar birki, ku tsaya masa, kada a karɓe makulli a miƙa wa wani.