Jami'ar Kuɗi da Aljihun Ma'aikaci

Duk wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Kwaya, ya kama hanyar Dutsin-Ma, zai yi ta wuce manyan makarantu: ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua can gaba. Waɗannan duka na Gwamnati ne. Amma a wannan hanya akwai guda wadda ba ta Gwamnati ba, watau Jami'ar Al-Qalam, wadda Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta kafa a 2005, da fari da sunan Jami'ar Katsina. Akawu ko malamin makaranta da ya ke wucewa ta ƙofarta, ga shi da ɗa ko 'ya da ta gama sakandare, lalle ya kan tambayi kansa abu biyu: shin abin da za a biya a nan ya cancanta, kuma shin aljihuna zai ɗauka?

Da can, zamanin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, hukuma ce ke bin iyaye tana neman yara, har waɗansu na ɓoye nasu. Yau al'amarin ya juya. A 2024 kusan mutum miliyan 2 suka yi rajistar jarrabawar JAMB, guraben da ke jami'o'in Gwamnati kuwa ba su isa ba. Tun 1999 da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu izini, wannan cunkoso shi ne babban abin da ke kai musu ɗalibai.

Kafin mu yi ƙorafin tsada, ya kamata mu san inda ta ke fitowa. Jami'ar Gwamnati daga baitulmali a ke biyan malamanta, asusun TETFund kuma ya kan gina mata ɗakunan karatu. Jami'a mai zaman kanta ba ta da rabo a ko ɗaya. Albashin malamai, man inji, kayan ɗakin gwaji, littattafai, duk daga kuɗin da iyaye suka biya su ke fita. In jami'ar ƙarama ce nauyin ya fi tsanani, domin albashin shaihin malami ɗaya ne, ko ɗalibai 30 ya ke koyarwa ko 300, kuma in su 30 ne, su za su raba shi a tsakaninsu. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, kome ya ƙara hawa. Saboda haka ba mu ganin adalci ne a ɗauki kowane ƙarin kuɗi a kan haɗama.

To, me mutum ya ke saye da kuɗinsa? A ganinmu, lokaci ya ke saye. A 2020 ƙungiyar ASUU ta malaman jami'o'in Gwamnati ta yi wata 9 tana yajin aiki, a 2022 kuma ta yi wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaron da duka biyun suka rutsa da shi ya yi wata 17 yana zaune a gida, alhali malaman jami'a mai zaman kanta ba su cikin wannan yaji. Mu buga lissafi irin na akawu. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka a 2024 Naira dubu 70 ne a wata. In an ninka sau 17, ya tashi Naira miliyan 1 da dubu 190. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma 'ya mace da a ke jiran ta gama a ɗaura mata aure, da wanda ya shiga da girma yana tsoron ya haura shekara 30 ya rasa hidimar ƙasa.

Amma fa kada lissafin nan ya ruɗe mu. Yana tsayawa ne kaɗai in akwai aiki yana jiran yaron, mu kuwa mun san yadda neman aiki ya ke a yau. Sa'an nan takardar shaidar ba ta ƙara ko kwabo a albashi. Mai digiri in ya shiga aikin Gwamnati a mataki na 8 a ke ɗaukarsa, ko daga ina ya fito. Zancen cewa yaro zai kwana gida ya ci tuwon uwarsa ma ba ya bambanta su ga Bakatsine, tun da jami'ar jiha tana kan hanya guda.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ya fara bai gama ba. Mai albashin Naira dubu 70, ko da bai ci bai sha ba, Naira dubu 840 ya ke samu a shekara. Rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 na 'yan makarantun Gwamnati ne kurum. Watau abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne albashi, da adashi, da gonar gado, da bashi. Sai mutum ya sayar da gona ya biya shekarar fari cikin murna, ya ciwo bashi ya biya ta biyu, a ta uku kuma yaro ya dawo gida. Ba gona, ba digiri, ga ƙanne suna tasowa. Wannan hasara ta fi kowane yajin aiki ciwo, kuma ita ce ba a cika faɗa ba saboda kunya.

Don haka muna jawo hankalin iyaye, kafin su biya ko sisi, su je ofishin jami'a da kansu su karɓi lissafi a rubuce, na karatu da na kwana da sauran 'yan tarkace, su ninka sau huɗu, su ƙara wani abu saboda hauhawar farashi. Su kuma tabbatar hukumar NUC ta amince da fannin da yaron zai karanta. In lissafin shekara huɗu bai fita daga abin da ke hannu ba, gara yaro ya haƙura ya sake neman gurbi a ta Gwamnati. Wannan ba abin kunya ba ne.

Su kuma shugabannin jami'a da attajiran Katsina, muna da magana da su. Jami'ar da jama'a suka kafa don hidimar addini da ilmi bai dace ta zauna a kan kuɗin ɗalibai kaɗai ba, domin in ta yi haka sai ta wayi gari 'ya'yan masu hali kawai ke cikinta. Azhar ta Masar ta yi ɗaruruwan shekaru tana tafiya da wakafi. Kantuna, gidajen haya da gonaki da za a tsayar da sunan jami'a, ribarsu ta riƙa ɗaukar nauyin yara masu ƙwazo, su ne za su buɗe ƙofar ga ɗan malamin firamare. Kafin a kai ga haka, muna roƙon a sauƙaƙa wa mai albashi ya riƙa biya wata-wata, a kuma sanar da kowane ƙari tun da sauran lokaci. Wakilanmu na Majalisar Tarayya kuwa, ya kamata su nemi a gyara dokar rance, yadda ɗalibin da ya rage masa shekara ɗaya ko biyu a jami'a mai zaman kanta shi ma zai iya nema ya ƙarasa.